Lauya ya riƙe maka kuɗi ko takardu? Ga hanyar da ake bi a kai ƙararsa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane a garin nan namu na Zariya, daga majalisun Tudun Wada har masu zaman jiran a kira shari'arsu a harabar Babbar Kotu ta Dogarawa, wai lauya ba a ƙararsa, don duk inda ka kai shi 'yan uwansa zaka tarar a zaune. Rabin maganar gaskiya ne, eh 'yan uwan nasa zaka tarar, amma fa ana hukunta su, ana dakatar da wasu na shekaru, wasu ma a soke sunansu gaba ɗaya su bar aikin. Abin da ke kada yawancin masu ƙorafi shi ne suna zuwa da ɓacin rai zalla, hannu babu takarda ko ɗaya, kuma wurin da ake kai ƙarar lauya takarda suke karantawa, basa auna zafin zuciya.

Toh kafin ka sayi ko fallen takarda, ka zauna ka tambayi kanka me ainihin ya yi maka. Faɗuwa a shari'a ba laifin da ake hukunta lauya a kai bane, ko da ya cika maka baki tun farko cewa kes ɗin nan a aljihunsa yake. Yawan ɗage shari'a ma ba kullum daga shi bane, wani lokacin alƙali ne bai zauna ba, ko ɗaya ɓangaren ne ke jan ƙafa, ko ma'aikatan kotu na yajin aiki. In ka rubuta koke a kan irin wannan za a watsar tun a matakin farko, ka yi asarar kuɗin mota da na rantsuwa.

Abin da ake kamawa da shi cin amana ne da rashin ɗa'ar aiki. Ya karɓi kuɗi a madadinka, na sayar da gida ko na haya ko wanda kotu ta ce a biya ka, ya ƙi miƙa maka ko ya yi ta yi maka gobe jibi. Ya karɓi kuɗin aiki bai shigar da ƙarar ba sam, yana ce maka an ɗage alhali babu ma lambar shari'a. Ya daina zuwa kotu ba tare da ya sanar da kai ba har aka kori ƙarar. Yana yi maka aiki yana yi wa abokin shari'arka a ɓoye, ko ya kwashi sirrin da ka faɗa masa ya kai can. Ya yi sulhu da sunanka baka sani ba. Ya ƙirƙiri takardar bogi ko ya sa hannu a madadinka. Ya ce ka kawo na alƙali. Duk waɗannan suna cikin abin da Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya suka hana, na 2023 da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024 suka maye gurbin na 2007. Maganar kuɗi ita ce ta fi saurin kai lauya ƙasa, domin tun 1964 akwai ƙa'idar da ta ce kuɗin wanda kake yi wa aiki asusu daban ake buɗe masa, ba a cakuɗa shi da na aljihunka, kuma duk ranar da mai shi ya ce a yi masa lissafi dole a yi.

Sai abu na biyu da mutane ke tsallakewa, ka tabbatar lauyan gaske ne tukuna. Ba duk mai baƙar kwat da ke shawagi a bakin kotu ana ce masa Barista bane aka rantsar. Lauyan gaske sunansa na cikin rajistar da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke riƙe da ita a Abuja, yana da lambar shiga rajistar, kuma tun 2015 ana buƙatar ya manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta NBA mai ɗauke da sunansa da lambarsa a kan takardun shari'a da ya rubuta. Ka duba yarjejeniyar cinikin fili ko takardar ƙarar da ya yi maka, in akwai hatimin ka kwafe sunan da lambar daidai yadda suke, don su zaka rubuta a kokenka, ba laƙabin da ake kiransa da shi a unguwa ba. In kuwa ka tambaya a reshen NBA na Zariya aka bincika aka ga babu shi a rajista, toh maganar ta tashi daga ladabtarwa ta koma ta 'yan sanda, domin yin sojan gona da sunan lauya laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lauyoyi, kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda zamu zo kansa a gaba, bashi da hurumi a kan wanda ba lauya ba.

Yanzu maganar hujja, kuma nan zan daɗe don nan ne muke da rauni. Mu mutanen nan da kunya da yarda muke hulɗa. Za a ce ai ɗan gidan Malam wane ne, tare muke sallah, sai mutum ya ƙirga dubu ɗari biyar a hannu ya miƙa a cikin mota a Kwangila, ba rasit ba shaida, ya haɗa da asalin takardar gida ko fotokwafi bai yi ba. Ka ɗauki misalin uwar marayu da aka sayar musu da gidan gado a Gyallesu, mai saye ya tura kuɗin ta asusun lauya, wata da watanni tana hawa keke napep zuwa ofishin lauyan a Sabon Gari, in ta samu ganinsa ta ce, Barista dan Allah maganar kuɗin yaran nan, makaranta ta koro su, shi kuma ya miƙe da ladabi ya ce, Hajiya ki ƙara haƙuri, banki ne suka riƙe, in sha Allahu sati mai zuwa. Ta yi godiya ta fito. Duk zuwan nan da ta yi, a idon kwamiti kamar bata taɓa zuwa ba, don babu inda aka rubuta. Da a ce bayan kowane zuwa ɗanta ya tura masa saƙo ta WhatsApp cewa Barista Hajiya ta zo yau kan naira miliyan kaza na gidan, ka ce sati mai zuwa, shi kuma ya amsa ko da "toh" ne, wannan "toh" ɗin ya fi duk zuwan nata nauyi, don ya amsa da kansa cewa kuɗin na hannunsa.

Don haka ka tattara duk abin da ke akwai. Alat na banki bai isa ba, ka je bankinka a buga maka sitatimen mai hatimi na watannin da abin ya faru. In wani ne ya biya ta hannun lauyan, kamar mai sayen gida ko ɗan haya, ka roƙe shi shaidar tiransifa ɗinsa. Saƙonnin waya ka yi musu sikirinshot yadda lamba da kwanan wata zasu fito, ka buga a takarda, kuma kar ka goge na cikin wayar, kar ka sayar da wayar ma. In shari'a ce a kotu, ka je wurin rajistara ka nemi kwafin bayanan zaman kotu wanda aka tabbatar da hatimi, za a caje ka kuɗi kaɗan, a nan zaka ga ranakun da lauyanka ya zo da waɗanda bai zo ba da abin da ya faɗa da sunanka. In ya ce maka ya shigar da ƙara, ka tambayi lambar shari'ar, in babu ita a rajistar kotun ka riga ka samu amsarka.

Daga nan ka rubuta masa wasiƙa. Gajera, ba zagi ba barazana, wadda ta ce ranar kaza ka karɓi kaza a madadina, ina neman ka biya ni ko ka dawo min da takarduna cikin kwana 14, in ba haka ba zan kai ƙorafi inda ya dace. Ka yi kwafi biyu, ka kai ofishinsa, sakatare ko wani a ofishin ya sa hannu da kwanan wata a kan naka kwafin. In sun ƙi karɓa ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit. Doka bata ce sai ka yi wannan kafin ka kai koke ba, amma a ganina wanda ya tsallake shi ya cuci kansa, don sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, lauyan da ya ga ka fara rubutu ya san ka daina zama wanda ake sallama da sati mai zuwa. In kuma ya yi shiru, shirun nasa ya zama hujja.

Mataki na kusa shi ne reshen NBA na Zariya. Ka rubuta wa shugaban reshen, ka haɗa kwafin takardunka, asalin kuma su zauna a gida. Reshe zai iya kiransa a zauna, kuma lauya na jin kunyar abokan aikinsa da yake haɗuwa da su kullum a kotu fiye da yadda yake jin taka. Sai dai ka sani reshe baya soke sunan lauya, baya dakatar da shi daga aiki. In aka yi sulhu aka ce zai biya kashi-kashi, a rubuta, ya sa hannu, a sa ranaku, kuma kar ka rubuta cewa ka janye sai kuɗin sun shiga asusunka ka gani da idonka. In ka ga ana ta jan ka ana cewa a rufa wa juna asiri, ba dole bane ka tsaya a nan.

Mai hukunci na gaske shi ne Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC. Dokar Lauyoyi ce ta kafa shi, yana ƙarƙashin majalisar manyan lauyoyi da alƙalai da ake kira Body of Benchers, wato masu rantsar da sabbin lauyoyi, ofishinsa na Abuja, kuma a cikinsa akwai alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara da manyan alƙalan jihohi da antoni-janar da lauyoyi daga NBA. A da sai koke ya bi ta hannun NBA ta bincika ta ga dama ta gurfanar, abin da ya sa wasu koke-koken ke kwana a durowa. Ƙa'idojin kwamitin na 2020 sun buɗe ƙofa, yanzu kai da abin ya shafa zaka iya kai kokenka kai tsaye wurin kwamitin. Zaka iya kuma bi ta ofishin Alƙalin Alƙalan Najeriya, ko Antoni-Janar na Tarayya, ko Babban Alƙalin Jihar Kaduna, ko Antoni-Janar na jiha, ko shugaban NBA na ƙasa ko na reshe, su kuma aikinsu su tura wa kwamitin cikin kwana 30. Ni dai in an tambaye ni, kai tsaye ya fi, don duk hannun da takarda ta ƙara bi wata dama ce ta ɓata ko ta kwanta. Ko ta ina ka bi, ka karɓi shaidar an karɓa, hatimi da kwanan wata a kan kwafinka.

Wasiƙa kawai bata wadatar a wurinsu. Ana so takardar buɗe ƙara bisa fom ɗin da ke cikin ƙa'idojin nasu, da bayanin zargin da kake yi, da takardar rantsuwa mai ɗauke da yadda abin ya faru, da kwafin duk hujjojin da ka dogara da su. Da Turanci ake yi, don haka in Turancin bai zauna maka ba ka nemi wanda zai rubuta, amma a karanta maka a fassara maka layi-layi kafin ka sa hannu, don kai ne ka rantse ba shi ba, kuma rantsuwa a kan ƙarya laifi ne mai zaman kansa. Ana yin rantsuwar a gaban kwamishinan rantsuwa a rajistar Babbar Kotu, nan Zariya ma an gama, ba sai ka je Kaduna ba.

Yadda ake tsara ta shi ne sakin layi-layi masu lamba, kowanne magana ɗaya. Na ɗaya sunanka da adireshinka. Na biyu sunan lauyan cikakke da adireshin ofishinsa da lambar wayarsa, kuma ka kula da adireshin nan sosai, don in ba a iya kai masa sammaci ba shari'ar bata motsi. Sai ka bi kwanan wata, ranar kaza na ɗauke shi aikin kaza, ranar kaza aka tura masa naira kaza, ga sitatimen na haɗa na sa masa alamar A, ranar kaza na rubuta masa wasiƙa, ga ta alamar B, har yau bai biya ba. Shikenan. Kalmomi irin su ɓarawo, azzalumi, maci amanar marayu, ka bar su a bakinka, ranaku da lambobi sun isa su faɗi haka da kansu. Kar ka ƙara gishiri ko na naira ɗaya, in dubu ɗari takwas ne kar ka cike shi miliyan, don ka tuna da wa kake ja, mutumin da sana'arsa kenan neman inda magana ta saɓa, yana samun ƙarya ɗaya zai rataye sauran gaskiyar taka a kanta. In ya taɓa biyan ka wani ɓangare ka faɗa da kanka.

Idan takardun suka isa, ana fara dubawa ne a ga ko akwai abin da lauyan zai amsa. In babu, a rufe. In ana buƙatar ƙarin bincike kwamitin na iya tura wa NBA ta bincika ta kawo rahoto. In akwai, a aika masa ya kawo kariyarsa a rubuce shi ma da rantsuwa, sannan a sa ranar zama. Zaka iya tsayawa da kanka ko ka ɗauki lauya, kuma ka shirya za a yi maka tambayoyin ƙure. Ƙin zuwansa baya tsayar da zaman in dai an tabbatar sammaci ya same shi. Abin yana ɗaukar lokaci, wani sa'in shekaru, ga kuɗin motar Abuja, wannan ba zan ɓoye maka ba. Wani dalilin jinkirin shi ne dole a ba lauyan cikakkiyar damar kare kansa, in ba haka ba kotu ta rushe hukuncin. Tun 1985 Kotun Ƙoli ta kafa wannan a shari'ar kwamitin da marigayi Gani Fawehinmi, inda ta ce ba zai yiwu wanda ya kawo zargi ya kuma zauna a kujerar masu yanke hukunci ba.

Hukuncin hawa uku ne, gargaɗi, ko dakatarwa na wani lokaci da za a ƙayyade, ko soke suna daga rajista, kuma kwamitin na da ikon haɗawa da umarnin ya mayar da kuɗi ko ya miƙa takardu. Ana sanar da shugabannin kotuna, ana bugawa a gazet ta gwamnati, don kar ya bar Zariya ya je Kano ko Jos ya ci gaba da sa hular gashi. Yana da kwana 28 ya ɗaukaka ƙara, kuma in ya ɗaukaka hukuncin baya fara aiki sai an gama. Inda ake kai ɗaukakawar ma an sha tafka muhawara a kai, a 2005 Kotun Ƙoli ta ce wurinta ake zuwa kai tsaye, a 2013 ta ce sai an bi ta kwamitin ɗaukaka ƙara na Body of Benchers, wannan rigimar lauyoyi ce, kai dai ka san hukuncin farko ba lallai shi ne ƙarshe ba. In mai muƙamin SAN ne, wato Babban Lauyan Najeriya, shi ma kwamitin nan na hukunta shi kamar kowa, sannan akwai wani kwamitin daban ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, wanda ke ba da muƙamin, da ke iya dakatar da shi ko ƙwace shi.

Wani abu da ya kamata ka gane, an kafa kwamitin ne don tsare mutuncin aikin, karɓo maka kuɗi na biyu ne a wurinsu. In kuɗin ne gabanka, ka haɗa da wasu hanyoyin, koke a LPDC baya hana ka shigar da ƙarar neman kuɗinka a kotu, baya hana ka kai rahoton cin amana wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna in kuɗin masu yawa ne. Haka in sakacinsa ne ya jawo maka asara, misali ya bar lokacin shigar da ƙara ya wuce, ko ya ce ya bincika fili a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, alhali bai je ba ka sayi rigima, Dokar Lauyoyi bata ba shi kariya daga ƙarar diyya ba, in ban da abin da ya shafi yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Kuma ita ƙarar neman kuɗi tana da wa'adi, kar ka zauna jiran Abuja har lokacinta ya ƙare.

In kuwa rigimar taku a kan kuɗin aikinsa ne, kai ka ce ya tsawwala shi ya ce haƙƙinsa ne, wannan hanyarta daban. Kafin lauya ya kai ka ƙara kan kuɗin aiki sai ya ba ka takardar caji a rubuce mai bayanin abin da ya yi, ya jira wata ɗaya, kai kuma a cikin watan zaka iya neman Babbar Kotu ta sa a tantance cajin. A nan sai an yi adalci, lauyoyi da yawa suna aiki tsakani da Allah kuma mu ma muna cinye musu kuɗi, a gama shari'a mutum ya ɓace. In yana bin ka kuɗin aiki na gaskiya doka ta ba shi damar riƙe wasu takardunka har ka biya, don haka ka fara share naka ɓangaren.

Alƙali kuma ba a kai shi LPDC. Na Babbar Kotu zuwa sama Majalisar Shari'a ta Ƙasa ake rubuta wa, wato NJC, majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna.

Wanda bashi da halin ɗaukar wani lauyan ya rubuta masa, ya gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Kaduna, ko cibiyar taimakon shari'a ta ɗaliban lauya a Tsangayar Shari'a ta ABU da ke Kongo, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Wasu lauyoyin zasu noƙe in suka ji abokin aikinsu ne, kar ka yi mamaki, ka nemi na wani garin in ta kama.

In shari'arka na gaban kotu har yanzu, kar rigimarka da lauya ta sa ka daina zuwa. Kana da ikon canza lauya duk lokacin da ka so, sabon zai shigar da sanarwar canji ya nemi fayil daga tsohon. Kafin ka samu sabon, ranar zama ka je da kanka da wuri, in an kira shari'ar ka miƙe ka ce, ranka ya daɗe na rabu da lauyana, ina roƙon a ba ni lokaci in ɗauki wani, kuma kafin ka bar harabar ka tabbatar da sabuwar ranar a wurin rajistara ka rubuta ta.